Tantabarun Tsohon Baduku

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in kawo wa malamai masu karanta jaridarka wata magana da ta shige mini duhu.

A unguwarmu, cikin birnin Zariya, akwai wani tsohon baduku wanda katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Tun ina yaro na san shi da abu biyu, ɗinkin kube da kiwon tantabaru. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya ajiye basilla, amma tantabarun suna nan. Ya rataya musu tsofaffin tukwane a jikin bango, can sama inda muzuru ba ya kaiwa. In ya komo daga masallaci da asuba ba ya sa kome a bakinsa sai ya watsa musu gero, ya sake musu ruwa a kasko. Ba na ɓoye maka, da fari haushinsu nake ji, gama sun sha ɓata mini riguna a kan shanya.

A wurinsa na koyi abin da ban samu a makaranta ba. Tantabara ƙwai biyu takan saka. Namiji ya yi kwanci da rana, mace ta karɓe shi ta kwana, har kamar kwana 18 su ƙyanƙyashe. Sa'an nan uwa da uba duka su riƙa ɗura wa 'yan shila wani farin abu kamar kindirmo da ke fitowa daga maƙogwaronsu. Ni kuma na ba shi labarin tantabarar sojan Amurka mai suna G.I. Joe, wadda a 1943, a ƙasar Italiya, ta yi mil 20 cikin minti 20 da takarda, aka fasa jefa bom a garin da sojan Ingila suka riga suka shiga, har aka ba ta lambar girma a London a 1946. Ya yi dariya, ya ce mini, "Malam, ita ba ruwanta da takarda, gida take so."

To, bara da damina ciwo ya kwantar da shi, kuɗin magani suka gagara. Ɗansa ya kama wata fara da mijinta, waɗanda tsohon ya fi ƙauna, ya sayar wa wani mutumin Samaru. Mutumin ya tsare su mako uku, ya sake su. Kafin la'asar ga su bisa tukunyarsu. Tsoho ya dube su ya daɗe, kana ya ce ciniki ya riga ya faɗa, a mayar wa mai su. Ni na kai su cikin kwando. Suka komo, na sake kaiwa. Mai sayen ya ce zai fige musu fiffike, tsoho ya aika ya roƙe shi don Allah kada ya yi.

A komowa ta uku ba mu ankara ba sai da farar ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe. Na ce masa, "Baba, bari in biya mutumin nan kuɗinsa, su zama naka." Ya ƙi, wai ba zai ɗora mini nauyin sha'awarsa ba. Mai sayen kuwa ya ce iyaye da 'ya'ya duk nasa ne. Ɗan tsohon ya ce a tukunyar ubansa aka haife su, geronsa suka ci. Shi tsoho ya yi shiru, amma na ga abincinsa ya ragu.

Saboda haka nake tambayar malamai, bisa shari'a 'yan shilan nan na wane ne? In na mai sayen ne, geron da suka ci fa? A taimake mu da amsa da wuri, gama saura kamar kwana goma su fara tashi.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Zariya.