Kilas a kan allon kwamfuta, kilas a kan takarda

A nan Ingila, malamai da yawa masu koyar da Java ba sa fara darasi da bayanin ma'anar kilas. Manhajar BlueJ suke buɗe wa ɗalibi. Michael Kölling da John Rosenberg ne suka fitar da ita a Jami'ar Monash ta Ostireliya a 1999, daga baya aikin ya koma Jami'ar Kent, sannan King's College da ke Landan. A cikinta kowane kilas akwati ne a kan allo. Ɗalibi ya danna akwatin, objek ya bayyana a ƙasa da jan launi. Ya danna objek ɗin, duk fankshin da ke cikinsa su jeru, ya zaɓi ɗaya ya kira, sannan ya leƙa ya ga lambar da ta sauya. Duk wannan kafin ya rubuta layi ɗaya da hannunsa.

Yaron da ya taso a Birnin Gwari ya wuce Kaduna ko Zariya karatun kwamfuta, hanyarsa daban ce. Galibi da alli ake fara masa: ga ma'anar kilas, ga bambancin abin da aka ɓoye da wanda aka bayyana, a kwafa a haddace. A makarantu da dama har jarrabawar C++ da biro ake rubuta ta.

Takarda tana da nata amfanin, kuma bai kamata a raina shi ba. Wanda ya saba bin kod layi-layi da ido yana gane kuskuren da wani sai na'ura ta nuna masa. Amma takarda ba ta musu. Ɗalibi zai kira fankshin ba tare da ya ƙirƙiri objek ba, ta karɓa, alhali kompaila take za ta ƙi. A wannan ƙin ne ake gane cewa kilas tsari ne kawai, objek shi ne abin da ke riƙe da bayani.

Abin takaicin shi ne tunanin da ke ƙarƙashin darasin ba baƙo ba ne ga ɗan Birnin Gwari. Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard sun kawo kilas a harshen Simula 67 a Oslo domin kwaikwayon abubuwan da ake gani a zahiri. Bjarne Stroustrup ya yi aiki da Simula a Cambridge, a 1979 ya fara shigar da tsarin cikin harshen C a Bell Labs, abin da aka raɗa wa suna C++ a 1983. To, a ɗauki kasuwar shanun Birnin Gwari da aka sake buɗewa a Nuwamban 2024 bayan shekaru a rufe. Saniya kilas ce: tana da shekaru, launi, farashi da mai ita. Kowace saniya da ke ɗaure a kara objek ce. Fankshin na sayarwa shi kaɗai ke da ikon sauya sunan mai ita, kuma ba zai sauya ba sai kuɗi sun cika. Yaron da ya taɓa tsayawa kusa da dillali ya san dalilin da ba a barin kowa ya taɓa wannan bayanin. Haka itatuwan dajin Kamuku, ɗorawa da kaɗanya da maɗaci: duk bishiya ne, kowanne da 'ya'yansa da lokacinsa, ga darasin gado, yadda kilas ke gadon wani kilas, a shimfiɗe. Sai dai littattafan da ake kwafowa misalansu na asusun banki ne da ma'aikatan kamfani.

Matsalar wuta da intanet da ke sa a tsaya ga takarda gaskiya ce. A ƙarshen Satumban 2021 an katse layukan waya a sassan Jihar Kaduna, har da Birnin Gwari, saboda 'yan bindigar daji, aka yi kusan wata biyu a haka. Duk darasin da ya dogara da intanet ya tsaya. BlueJ kuwa kyauta ce, idan an sauke ta sau ɗaya ba ta neman layi, ana iya raba ta da filash. Inda babu kwamfuta, Cxxdroid da Pydroid suna gudanar da C++ da Python a wayar Android, su ma ba sai da data ba.