Daga Kawo Zuwa Matsirga

Shekarata 19 da aure a Kawo, amma in kika ɗebe Zariya da Kano, su ma sai biki ko gaisuwar mutuwa, ban san ko'ina ba. Ranar da maigida ya ce in damina ta ja baya zai kai mu mu ga Matsirga, kusa da Kafanchan, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Kudancin Kaduna? Da yaran?" Na san ke ma haka za ki ce. Ban manta 2011 ba, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya koro mutanen Zonkwa da Kafanchan da ita kanta Matsirgar, aka zube su a sansanin alhazai na Mando, nan kusa da mu, muka riƙa kai musu abinci da tufafi.

Sai da ya yi ta bugun waya yana tambayar lafiyar hanya, sannan muka tashi bayan sallar asuba. Tafiyar kusan kilomita 200 ce. Mun tsallake kogin Kaduna, muka wuce matatar mai, sai Kujama, Kasuwan Magani, Kachiya, Zonkwa. A Kachiya na sa aka tsaya na sayi citta, domin yankin ne gidanta, duk da cewa tun da cuta ta faɗa wa gonakinta a 2023 ta zama ta masu hali. Ke dai kin san yadda muka koma auna ta a kunun gyaɗa da shayi.

A Madakiya muka bar mota muka taka da ƙafa. To, 'yar uwa, a nan hankalinki zai yi aiki. Hanyar 'yar siririya ce, ta ratsa gonaki da ciyawa mai tsawo, sannan ta gangara cikin itatuwa da duwatsu. Ni da na tafi da silifas da hijabi har ƙasa na gane kurena, ƙaya ta kama nan, santsi ya ja can. Ki sa takalmi sau-ciki, hijabin ya tsaya a gwiwa, zane ko doguwar riga su rufe sauran. Mai goyo ta ɗaure shi tamau da majanyi, hannuwanta biyu su zama babu komai.

Tun ba ki ga ruwan ba za ki ji rugugi kamar hadari ya taso. Da muka ɓullo, sai ga shi fari tas yana zubowa daga kan dutse, tsawon kamar mita 30, yana faɗawa cikin kwazazzabo. Daga tsaunukan Kagoro yake tasowa. Feshinsa na tashi kamar hayaƙi, ya jiƙa miki fuska da sanyi, rana na haska shi sai ga bakan gizo. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba. Yaran da suka tashi ba su san ruwa ba sai na famfo da na 'yan garuwa, suka yi tsit, baki buɗe.

Ina cikin kallon nan autana, ɗan shekara 6, ya zame daga hannun yayarsa ya nufi wani faffaɗan dutse a bakin ruwa. Dutsen ya sha gansakuka. Ƙafarsa ta tafi, ya zauna daɓas, ya fara sulalewa. Wallahi ihu ma ya ƙi fita. Wata mata da ta sauko daga gona, da gicciye a wuyanta, ita ta yar da ƙunshin da ke kanta ta cafko shi ta wuyan riga.

Ba ta rarrashe ni ba, faɗa ta yi mini da Hausarta rangaɗau: "Maman yara, nan ba wurin sakin hannun yaro ba ne! Ƙarƙashin nan rami ne, ruwan juyawa yake yi." Na ce, "Na gode, Mama, Allah Ya saka da alheri," jikina na rawa. Ta zauna da mu a ƙarƙashin wata rumfar dutse har na dawo hayyacina. Na buɗe mata dambun nama, ta ba yaran ɗanyar gyaɗa. Ba ta tambaye ni daga ina muke ba, ni ma ban tayar da zancen 2011 ba, ko da yake yana raina, kuma ina jin yana nata.

In za ku je, kada wanda ya shiga wanka, ko babba ne, kuma kowane yaro a ba shi babba guda da zai riƙe shi. Ku tafi da ruwan sha da tabarma. Mu a can muka yi alwala, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru, muka juyo ƙarfe biyu, domin hanyar Kachiya ba ta dare ba ce.

Mun shigo Kawo ana kiran isha'i. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya muka dawo. Na miƙa mata kasonta na citta, auta kuwa ya juya yana nuna mata inda rigarsa ta yage.