Sallama a gidan da aka tashi

Sabar da nake kula da ita a wani ƙaramin asibiti ta ɗauki wata ɗabi'a. Duk sanda wuta ta ɗauke har batir ya ƙare, idan aka tada janareta sai ta kwashe kusan minti 4 kafin manhajar bayanan marasa lafiya ta buɗe, alhali a da ko minti 1 ba ta kaiwa. Ga ma'aikaciyar jinya da ke son duba maganin da aka rubuta wa yaro mai zazzaɓi, wannan jira ne mai tsawo. Na ɗora laifin a kan tsufan na'urar, har na rubuta takardar neman kuɗin sabuwa.

Kafin in miƙa takardar sai na ce bari in auna. A Linux, umarnin systemd-analyze blame yana jera ayyukan da ke tashi tare da kwamfuta, da lokacin da kowanne ya ci. Waɗanda suka makara duk masu neman wata na'ura da sunanta ne. Diski lafiya lau, ƙwaƙwalwa ba ta cika ba. Ashe sabar ba aiki ne ya yi mata yawa ba, jira take yi.

Kwamfuta ba ta kiran 'yar'uwarta da suna sai da lamba, don haka takan tambayi sabar DNS ta mayar mata da sunan zuwa adireshin IP. Sabobin da za a tambaya suna jere a fayil ɗin /etc/resolv.conf, kuma ana bin su ne daga sama. Idan ta farko ta amsa, ko da cewa ta yi ba ta san sunan ba, magana ta ƙare nan take. Idan kuwa ta yi shiru, bisa tsarin asali sai an jira daƙiƙa 5 kafin a wuce ga ta biyu. Abin takaicin shi ne ba a riƙe darasin: tambaya ta gaba ma daga sama za ta fara.

Da na saurari mashiga ta 53 da tcpdump, sai na ga tambayoyi kusan 40 suna fita bi da bi zuwa adireshin da ba ya amsawa. Lissafi ya fito: 40 sau 5, daƙiƙa 200. Sabarmu sallama take ta yi a gidan da aka tashi, tana tsayawa da ladabi kowane karo.

Na goge layin, na sake kunnawa, sai ga shi ya dawo. Rauta ce ke raba shi ta DHCP, tana sake rubuta fayil ɗin a kowane tashi. Adireshin kuwa na tsohuwar sabar DNS ce da ni da hannuna na kashe watanni baya, na manta ban cire ta daga rauta ba.

Na gyara a can, na kuma sa sunayen na'urorin da ba a iya yi sai da su a /etc/hosts, don a same su ba tare da tambayar kowa ba. Manhajar ta koma buɗewa cikin ƙasa da minti 1. Takardar neman kuɗin tana nan a aljihun teburina, nakan duba ta duk lokacin da na ji ina shirin yanke wa na'ura hukunci ban auna ba.