Allon Lantarkin Da Muke Sassaƙawa Da Kanmu

Duk wanda ya taɓa buɗe rediyo ko cajar waya ya ga wani koren allo mai siraran layuka. Layukan nan jan ƙarfe ne, su ne hanyoyin da wuta ke bi tsakanin ƙananan kayan da ke kan allon. A sakandare mun zana irinsu a takarda, mun haddace, mun ci jarrabawa, ba mu san ɗalibi zai iya yin nasa ba. Yanzu a jami'a mu 'yan kaɗan muna haɗuwa duk Asabar muna yi.

Muna sayen allo mai kaurin milimita 1.6, wanda aka shimfiɗa wa jan ƙarfe a fuska ɗaya. Mu zana hanyoyin a kwamfuta da manhajar KiCad, wadda kyauta ce, sai manhajar FlatCAM ta mayar da zanen umarnin da inji ke ganewa. Injin, da ake kira CNC, ƙarami ne, teburin karatu ya ishe shi. Aikinsa irin na mai zanen ƙwarya ne: tsinken ƙarfe mai kaifi yana juyawa, yana kankare gefen kowace hanya har ta rabu da maƙwabciyarta.

Wahalar tana wajen zurfin sara. Jan ƙarfen bai kai kaurin gashin kai ba, saran kuwa kamar milimita 0.1 ne. Ga shi allo bai cika zama a miƙe ba. Inda ya ɗan tasa, tsinken ya nutse ya cinye hanya. Inda ya lotsa, ya wuce bai yanke ba, hanyoyi biyu su zauna a haɗe, wuta ta bi inda ba a aike ta ba. Shi ya sa kafin sara muke sa inji ya taɓa allon wuri-wuri, ya auna tudu da kwari. Bayan sara kuma sai mun bi kowace hanya da mita kafin mu ɗauko dalma. Takunkumi da tabarau dole ne, domin yawancin allunan akwai zaren gilashi a cikinsu, ƙurarsa kuwa tana cutar da huhu.

Kamfanonin ƙasar Sin suna yin wanda ya fi namu kyau, amma sai an biya da dala, an kuma jira makonni. Namu da yamma ɗaya yake fitowa. Idan bai yi ba, mu gyara zane mu sake, kuma a wajen gyaran muke gane abin da muka haddace a aji.

Ƙannenmu, ba sai da inji za ku fara ba. Ku nemi matacciyar rediyo mai batir, ku ciro allonta, ku bi layi ɗaya daga wurin batir har inda ya ƙare, ku zana shi a littafi. Ku kai wa malamin Fiziks ku tambaye shi sunan kowane abu da layin ya ratsa.