Kaɗawar Jajayen Taurari da Shaidar Gungu

Makaɗi ba ya buƙatar ganin ganga kafin ya san girmanta. Amon tambari ya isa ya bambanta shi da na kotso. A kan irin wannan hikima aka gina nazarin kaɗawar taurari. Iskar da ke tafarfasa a saman tauraro tana haifar da raƙuman sauti waɗanda suke kai da komo a cikinsa, sai haskensa ya riƙa ƙaruwa yana raguwa kaɗan-kaɗan. Ita Rana takan yi wannan kaɗawa duk bayan kimanin minti 5. Amma tauraron da ya tsufa, ya ƙone haidurojin ɗin cibiyarsa, ya kumbura ya yi ja, kaɗawarsa takan ɗauki sa'o'i, wani lokaci kwanaki.

Daga wannan haske masana suke fitar da ma'auni biyu: saurin kaɗawa mafi ƙarfi, da tazarar da ke tsakanin sauti da mai bi masa. Na farko yana nuna ƙarfin jan da ke saman tauraron, na biyu kuma yana nuna cunkushewar jikinsa. In aka haɗa su da zafinsa, sai a sami nauyi da faɗi, daga nauyi kuma a ƙiyasta shekaru. Sai dai duk lissafin an ɗora shi ne a kan Rana, wato ana ɗaukar jan ƙaton tauraro tamkar Rana ce da aka faɗaɗa. To, wa zai shaida cewa zaton daidai ne?

A nan gungun taurari yake shigowa. Taurarin gungu ɗaya daga gajimare ɗaya aka haife su, a kusan lokaci ɗaya, da sinadarai iri ɗaya, nisansu daga duniya kuma kusan ɗaya ne. Bahaushe ya san irin wannan gungu, domin Kaza da 'Ya'yanta gungu ne na gaske, ko da yake ƙuruciyarsa ta hana shi amfani a nan: shekarunsa ba su wuce miliyan 100 da wani abu ba. Tsofaffin gungu ake nema. Na'urar hangen nesa ta Kepler, wadda Amurka ta harba a 2009, ta yi shekara 4 tana kallon sashe ɗaya na sama, aka kuwa yi dace akwai gungu huɗu a wurin. Biyu daga cikinsu suka fi ba da amfani: NGC 6819, wanda Caroline Herschel ta gano a 1784, mai shekara kimanin biliyan 2.5, da NGC 6791 mai kimanin biliyan 8.

Shaidar da NGC 6791 ya bayar ba ta yi wa ma'aunin daɗi gaba ɗaya ba. Andrea Miglio da abokan aikinsa sun wallafa a 2012 cewa nauyin jajayen taurarinsa, bisa kaɗawa, ya kai kusan 1.23 na nauyin Rana. Su kuwa Karsten Brogaard da tawagarsa, da suka yi amfani da tagwayen taurari masu yi wa juna husufi, waɗanda ake auna nauyinsu kai tsaye daga yadda suke kewaya juna, sun sami 1.15. Mai karatu zai iya raina wannan bambanci, amma bai kamata ba. Tauraro mai nauyi yakan ƙone da sauri, don haka kuskuren kashi 10 cikin 100 a nauyi yana iya zama kusan kashi 30 a shekaru. Da wannan ma'auni kuma ake yi wa dubban taurari marasa gungu shekaru, ana rubuta tarihin babban garken taurarin da Rana take cikinsa. Shi ya sa aka koma aka shigar da gyara a lissafin tazarar sauti.

Kaɗawa ita ma ta biya gungu ladansa. Tun 2011 aka nuna cewa tana bambanta tauraron da ya fara ƙona hiliyom a cibiyarsa da wanda bai kai ga haka ba, alhali a ido kamarsu ɗaya. Da yake duka iri biyun suna zaune a gungu ɗaya, sai aka kwatanta nauyinsu don a ga abin da tauraro yake zubarwa a tsakanin matakan biyu. A NGC 6791 an sami kusan 0.09 na nauyin Rana, adadin da ya gaza abin da wasu ƙididdigogin baya suka sa rai.