Rumfar Bola a Ƙofar Gida: Sutura Ce Ko Rufa-Rufa?

Zuwa ga 'yan'uwa mazauna zango, na nan Ankara da na Kumasi da na sauran garuruwan Gana.

Bahaushe mutum ne mai son sutura, har a bakinsa. Ba ya ambaton wurin biyan bukata da sunansa, sai ya ce bayan gida ko makewayi. In ya tashi gini, sai ya fara da zaure, ya bi shi da shigifa, ya karkatar da ƙofofin yadda idon mai wucewa ba zai faɗa tsakar gida ba. Kowane abu da mazauninsa: baƙo a zaure, iyali a ciki, hatsi a rumbu, dabba a turke. Ita ma shara kakanninmu ba su bar ta babu masauki ba, sun ware mata juji a gefe, nesa da hanyar baƙi.

Jujin da kuwa ba asara ba ne. Abin da ake zubawa a cikinsa toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ganyen da aka ƙunso abinci, duk abubuwan da ƙasa ke iya cinyewa. A karkarar Kano, kafin faɗuwar damina, jakuna ke ɗibar wannan taki a mangala daga cikin birni zuwa gonaki, ya koma gero da dawa. Mu kuwa da muka gaji zama a Nima da Mamobi da Sabon Zango, ba mu da gona a bayan gida, sharar ma ta sake kama. Yau leda ce, da jakar ruwan sha da ake tsotsewa a yar, da robar lemo, da gwangwanin madara, da ƙunzugun jarirai na kanti. Ƙasa ba ta cin ko ɗaya daga cikinsu. Juji ya tafi, sai kwandon roba mai taya biyu ya maye gurbinsa. Da yake babu fili a ciki, sai ya samu wurin tsayawa a bakin ƙofa, daidai inda baƙo ke yin sallama.

Mu da muke riƙe da alƙalami a zauren maigida mun ga abin da wannan kwando ke haifarwa. Mutane na zaton ƙarar da ake kawowa gaban dattawa ba ta wuce ta aure da gado da kuɗin haya ba. Ta bola ma tana da yawa, kuma takan fi daɗewa a zukata. Wata takan zo ta ce tumakin maƙwabci sun kifar mata da kwando, ta share da asuba, kafin hantsi sun sake. Wani ya ce wari ya hana shi buɗe tagar ɗakinsa. Wasu kuma kukansu shi ne su ke biyan kuɗin kwasa, amma cikin dare wani ke laɓaɓowa ya juye tasa a cikin nasu. Mun ga mata biyu da suka yi shekaru suna raba gishiri da daddawa sun daina gaisawa a kan murfin kwando. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayan zumunci akwai suna. Babu ɗan zangon da bai taɓa jin yadda wasu ke ambaton unguwanninmu ba, kamar dai zango da ƙazanta 'yan uwa ɗaya ne. Mun san maganar akwai rashin adalci a ciki, domin cunkoso da ƙarancin magudanan ruwa ba mu muka zaɓe su ba, kuma duk wanda ya shiga tsakar gidajenmu zai tarar da su a share tas. Amma mai wucewa ba ya ganin tsakar gida, bakin ƙofa yake gani ya yanke hukunci.

Abin da ya fi suna nauyi shi ne rai. A shekarar 2014 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 240, kuma yankin Ankara ne ya fi jin jiki. A watan Nuwamba na shekarar ne gwamnati ta ware Asabar ɗin farko ta kowane wata a matsayin ranar tsaftar ƙasa. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu a dare ɗaya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Toshewar magudanai da shara na cikin abubuwan da suka tsananta wannan ambaliya. Babbar kwatar Nima kuwa cikin rafin Odo take zubawa, shi kuma ya bi ta tafkin Korle ya shiga teku. Ke nan ledar da akuya ta zaro daga kwandon ƙofarmu, iska ta tura ta kwata, tana da hanyar da za ta bi ta je ta toshe wa wasu bayin Allah ruwa a can ƙasa.

Iyayenmu suna ba da labarin tankas, ma'aikatan duba tsafta da sunansu ya samo asali daga majalisar gari ta zamanin Turawa, waɗanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira duba-gari. Sukan shigo gida su leƙa randa, in sun ga tsutsar sauro sai sammaci. A lokacin tsoro ne ke sa shara. Tsaftar da tsoro ya kawo kuwa tana tafiya ranar da mai bulala ya tafi. Abin da dattawa suka nema shi ne tsarin da zai zauna ko babu mai dubawa.

Daga nan ne shawarar gina wa kwanduna 'yar rumfa ta taso, aka ce a fara gwadawa a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa inda rigimar ta fi tsanani. Ba kowa ya yi na'am ba. Wani dattijon malami da muke jin nauyinsa ya dubi maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, ina tsoron kada mu ɗinka wa gyambo riga. Abin da ido ke gani shi ake kwashewa. Ranar da kuka rufe shi, ranar za a manta da shi." Maigida ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Allah gafarta malam, gaskiya ka faɗa. To, ka faɗa mana sharuɗɗan da za su raba sutura da rufa-rufa, mu sa a rubuta." Aka rubuta uku: iska ta riƙa ratsa rumfar, daɓenta ya zama mai wankuwa, kuma a san ranar kwasa da sunan wanda alhakin ke wuyansa. Duk rumfar da ta rasa ɗaya daga cikin ukun nan, gara babu ita.

Ga yadda aka yi, ko wani zai amfana. Kwandon da aka fi rabawa mai cin lita 240 ne. Tsayinsa ya kai kimanin ƙafa 3 da rabi, faɗinsa bai cika ƙafa 2 ba, zurfinsa daga gaba zuwa baya kusan ƙafa 2 da rabi. Don haka rumfar kwando biyu tana bukatar faɗin ƙafa 5 da zurfin ƙafa 3, domin a bar tazarar da hannu da tsintsiya za su shiga. Wurin da kafintoci ke yawan tuntuɓe shi ne tsayi. Suna auna kwando a rufe, su manta murfinsa sama yake ɗagawa. In ana so a zuba shara ba tare da an jawo kwandon waje ba, sai gaban rumfar ya kai ƙafa 6. In wuri bai ba da haka ba, sai a yi rufin da zai riƙa ɗaguwa kamar murfin akwati. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yara ake aika da shara, kuma yaron da ya tarar da murfi ba ya buɗuwa a ƙasa zai ajiye ledarsa ya juya.

Ƙasa ita ce tushe. An yi daɓen siminti da ya ɗara ƙasar lungu da inci 4, don kada ruwan watan Yuni ya shiga, aka ɗan karkatar da shi zuwa gaba domin ruwan wanki ya gangara, aka kuma yi gangare a bakin ƙofar saboda tayoyi. Daɓen ya zama mai santsi, babu tsaga, domin a tsaga ruwan shara ke kwanciya, ƙarƙashin turɓaya kuma ɓera ke haƙa rami. Ginshiƙan ƙarfe mai walda ya yi, aka shafe su da fenti saboda iskar teku mai sa tsatsa. Wanda zai yi da katako ya sani cewa wawa yana da araha amma ba ya jure ruwa da gara, sai an shafe shi da magani, kuma kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Jikin rumfar ba a toshe shi da bulo ba. An jera filanki da tazarar yatsa biyu tsakani, aka bi bayansu da ragar waya, iska na shiga amma ido da bakin tunkiya ba sa kaiwa. Rufin kwano ne mai gangara, ruwansa na sauka gefen gidan, ba ya zuba a katangar maƙwabci. Sakatar ƙofar kuma an sa ta daidai inda hannun yaro zai kai.

Zaɓen wuri ya fi ginin kansa cin lokaci. Ba a kafa ta ƙarƙashin tagar kowa, ko kusa da famfo, ko gefen mai sayar da koko da ƙosai, ko a hanyar masu alwala. An nemi inuwa, domin rana ce ke dafa shara ta tashi wari. An kuma hana abu guda hani mai ƙarfi: ɗora rumfa a kan kwata. Wurin yana jan hankali saboda kamar babu mai shi, amma duk abin da aka gina a kansa yana hana yashewa, kuma ya zama ƙofar da ragon mutum zai riƙa tura shara ƙasa. Hanya hakkin jama'a ce. Lungun da ba zai bar a wuce da makara ba bayan an kafa rumfa, wannan lungu ba na rumfa ba ne, sai gidaje uku ko huɗu su haɗu su yi guda a bakin titi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a haƙa ko rami ɗaya kuma, a nemi yardar mai gidan, a tuntuɓi wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma, don kada a wayi gari da jan fenti a jikin gini.

Sharaɗi na uku shi ne ran al'amarin. Ƙwan ƙuda yana ƙyanƙyashewa cikin yini guda, kuma a zafi irin namu tsutsar kan zama ƙuda cikin kwana 7 zuwa 10. Saboda haka kwandon da ya yi mako ba a juye shi ba ya zama gidan renon ƙuda, ko da rumfarsa ta zinariya ce. Aka tsayar da kwasa sau biyu a mako. In motar ba ta zo ba, sai a kira mai aboboya daga asusun da kowane ɗaki ke zuba wa 'yan sidi a ƙarshen wata. Matan gidan suka raba wanki a tsakaninsu, ɗaki bayan ɗaki, samari kuma suka ɗauki fitar da kwanduna. Wata Hajiya da ta fi kowa daɗewa a gidan ita ke riƙe da asusun, ita ce kuma ta ƙara ƙa'idoji biyu da ba su zo a takardarmu ba: a tsane ruwan abinci kafin a zuba, kuma kada a juye tokar kurfoti sai ta huce, domin garwashi ɗaya ya isa ya narkar da kwando ya kama rumfa. Robobin lemo da gwangwanaye kuwa ana tara su a buhu daban, masu saye na zuwa.

Ba mu ce rumfa ta warware matsalar shara ba. Ba ta rage leda ko ɗaya daga abin da muke sayowa, ba ta faɗaɗa lungu, ba ta yashe kwata. Abin da ta yi shi ne ta mayar wa shara masauki, kamar yadda juji ya kasance, ta kuma ɗora alhakinta a wuyan mutane sanannu. Tun da aka kafa ta, ƙarar bola daga wannan gida ba ta sake zuwa zaure ba, gidaje biyu na kusa kuma sun aiko a ba su awon. Malamin nan har yanzu in ya bi ta wurin yakan tsaya ya zare sakata ya leƙa ciki, mu kuwa muna ganin wannan leƙe nasa a cikin ginshiƙan rumfar yake.

Wannan shi ne ma'aunin da muke ba duk mai niyyar ginawa: in za ka ji kunya baƙo ya buɗe ƙofar rumfarka, to rufa-rufa ka yi. In kuwa zai buɗe ya tarar da murfi a rufe, daɓe a bushe, to ka yi sutura irin ta kakanni. Damina ba ta jiran kowa, gyara kayanka kuma bai zama sauke mu raba ba. Mai bukatar awo ko shawara, zauren dattawan unguwarsa a buɗe yake.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya kyautata tsakaninmu da maƙwabtanmu. Wassalam.