Tsohuwar Fijo da Cinikin Gaskiya

'Yan'uwa, ni dai a wajena ba motar da ta kai Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ta kuma cinye tseren Safari na Kenya a 1975. Da kuɗin littattafaina na sayi wata tsohuwa a Rano. Fenti bai ruɗe ni ba. Makanike ya saurari inji, ya leƙa ƙarƙashinta neman tsatsa, muka gwada ta har Kibiya.

Na taya, mai motar ya ce albarka. Dillali ya raɗa mini, "Hajiya, ki cije, 'ya zai aurar, a matse yake." Sai na ƙara, dattijon ya sallama da fara'a. Arahar da aka tatsa daga mabuƙaci ba ta da albarka. Allah Ya tsare mu.